Lambun Haya da Tantin Tirela: Jagora ga Iyalan Hausawa a Birtaniya

Abu na farko da iyalin Bahaushe kan rasa idan ya sauka a Birtaniya shi ne tsakar gida, wato filin nan da yara ke wasa a gaban idon manya, mata ke aikace-aikacensu, maƙwabta kuma ke shigowa da sallama ba tare da an sa musu rana ba. Gidajen haya a birane irin su Landan da Mancesta matsattsu ne, kuma a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, saboda haka iyali kan shafe watanni a kulle cikin ɗaki. Mutanen ƙasar suna da hanyoyi biyu na samun sarari da kuɗi kaɗan, waɗanda baƙi ba su cika kula da su ba, ga shi kuwa sun dace da tarbiyyar Bahaushe ƙwarai.

Hanya ta farko ita ce lambun haya, wanda ake kira alotmen, wato yankin ƙasa da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ke ba mutum haya shekara-shekara domin ya noma abin da gidansa zai ci. Cikakken yanki ya kai kusan murabba'in mita 250, amma yanzu an fi raba shi biyu, kuma rabin ya ishi wanda ke aiki kwana biyar a mako. Tsarin yana da tushe a doka, domin dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin wannan fili idan mazauna sun nema, ta 1922 ta fayyace cewa amfaninsa na ci ne a gida, ta 1950 kuma ta halatta kiwon kaji mata da zomaye matuƙar ba su dami jama'a ba. Ana neman wuri ta shafin intanet na ƙaramar hukuma, kuma da yake layin jira yakan ɗauki shekaru a manyan birane, ya kamata a rubuta suna da zarar an sami adireshi.

Wanda ya taso a kan noman damina da na rani zai ga kalandar ta juye, domin a nan sanyi ne ke yanke lokacin shuka, kuma a yawancin Ingila raɓa mai daskarewa tana iya kashe tsiro har tsakiyar watan Mayu. Ana shuka dankalin Turawa tsakanin Maris da Afrilu, tafarnuwa kuwa tun kafin hunturu, amma tumatir da attaruhu da tattasai sai an rene su cikin gida a bakin taga, sannan a dasa su bayan sanyin ya wuce. Alayyahu yana yi sosai a bazarar Ingila, kuma shi ne ya fi saurin faranta wa uwargida rai. Kuɓewa da yakuwa kuwa suna buƙatar ɗakin gilashi ko rumfar leda, kuma ko a can sai an yi haƙuri da ɗan abin da suka bayar. Babban maƙiyi shi ne katantanwa marar ƙoƙo, wadda ke cinye dashe cikin dare guda, kuma tun shekarar 2022 an haramta maganinta mai sinadarin metaldehaid. Shigo da tsirrai da wasu nau'o'in iri daga Afirka yana buƙatar takardar shaidar lafiyar shuka, don haka kada a cusa iri cikin jaka daga gida.

Takardar haya tana da sharuɗɗa game da ƙona shara, gina rumfa da amfani da tiyo, kuma wanda ya bar ciyawa ta rufe yankinsa za a yi masa gargaɗi, daga nan a karɓe. Amma darajar wurin ta wuce kayan miya, domin a nan ne dattawan Turawa da mutanen Jamaika da Bangaladash ke musayar dashe da shawara, a nan ne kuma yaron da aka haifa a Turai zai riƙe fartanya kusa da mahaifinsa yana jin sunayen shuke-shuke da Hausa.

Hanya ta biyu ita ce kwana a sansanin hutu cikin tantin tirela, wato ƙaramin amalanke da mota ke ja, wanda idan aka buɗe shi sai ya zama tanti mai gadaje a sama da ƙasa, da rumfa a gaba, wani lokaci har da wurin girki. Labulen da ke raba wuraren kwana yana ba iyaye da yara sutura, girki da kai kuma yana sauƙaƙa batun abincin halal. Akan sami na hannu da araha, sai dai kafin a biya ya wajaba a kafa shi gaba ɗaya, a shinshina yadin, a duba ɗinki da zif, domin yadin auduga da aka naɗe da danshi yakan yi fumfuna ya ruɓe, kuma sauya shi na iya fin kuɗin tirelar kanta. Sabon yadi kuwa ana jiƙa shi a bar shi ya bushe sau biyu ko uku, don zaren ya kumbura ya toshe hujin allura.

Taya ita ce abin da aka fi sakaci da shi, saboda tirelar da ta kwana hunturu a ajiye tayarta na iya tsattsagewa alhali zanenta bai cinye ba. Doka ta nemi zurfin zane milimita 1.6, masu ƙwarewa kuma suna ba da shawarar sauyawa bayan kimanin shekara biyar. Tirela marar birki ba za ta wuce kilo 750 da kayanta ba, kuma kada ta fi rabin nauyin motar, sannan dole ta ɗauki lambar motar da ke jan ta, fitilunta su yi aiki, a kuma ɗaura igiyar ƙarfe ta kariya. Iyakar gudu mil 60 ce a babbar hanya, mil 50 a hanyar da ba a raba ba, kuma an hana mai ja shiga layin ƙarshe na dama a babbar hanya mai layi uku. Lasisin tuƙi na Najeriya yana aiki wata 12 ne kawai daga ranar da mutum ya zama mazauni.

Hatsarin da ya fi muni shi ne shigar da murhun gawayi cikin tanti don jin ɗumi, ko da wutar ta yi kamar ta mutu, domin yana fitar da kabon monoksaid, iska marar wari da ke kashe mai barci. Ƙaramar na'urar ƙararrawa ta gano ta ba ta da tsada. A Ingila ba a kafa tantin tirela sai a sansani ko da izinin mai ƙasa, kuma wurare kan cika a hutun makaranta na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, don haka a kama wuri tun da wuri. Fitar da yaro hutu lokacin karatu ba da izini ba yana jawo tarar fam 80 a kan kowane uba ko uwa game da kowane yaro, wadda ke ninkawa idan ba a biya cikin kwana 21 ba.