IMANI DA RANAR LAHIRA DA HAƘƘIN MUTANE

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa samari, imani da Ranar Lahira ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani guda shida. Duk Musulmin da ka tambaya zai ce maka ya yarda da tashin ƙiyama. To, a ina ake gane gaskiyar mai faɗa? Ana gane ta a kasuwa da wurin sana'a, da ranar biyan bashi.

Ku duba Suratul Muɗaffifina, sura ta 83. Allah Ya buɗe ta da narko ga masu tauye mudu, sannan nan take Ya tona asalin cutarsu, wato rashin sakankancewa da cewa za a tashe su su tsaya gabanSa. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa lokacin da Annabi (SAW) ya isa Madina, mutanenta na cikin waɗanda suka fi kowa ɓata awo, amma da surar nan ta sauka sai suka gyara. Mutanen Madyana kuwa, Annabi Shu'aibu (AS) ya yi musu irin wannan gargaɗi suka ƙi ji, aka halaka su.

Kada ka ce ai ni ba mai awon hatsi ba ne. Telan da ya karɓi kafin alƙalami ya saɓa alkawari, da makaniken da ya cire sabon ƙarfe ya mayar da tsoho, da ma'aikacin da ke cin albashi bai zauna ofis ba, kowannensu da irin mudunsa.

Abin tsoron shi ne, zunubin da ke tsakaninka da Allah, in ka tuba da gaskiya Yana gafartawa. Haƙƙin mutum kuwa sai an biya shi ko ya yafe. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira bayanin matsiyaci na haƙiƙa: mutum ne da zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani. Za a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu. In ladan ya ƙare ba a gama ba, sai a kwaso zunubansu a ɗora masa, a jefa shi wuta. Muslim ya kuma ruwaito cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai in ban da bashi. To, ina ga ni da kai?

Wani zai ce, bari in tsufa tukuna. Ɗan'uwa, wa ya ba ka tabbacin tsufa? Je maƙabarta ka ga sa'o'inka. Tirmizi ya ruwaito cewa za a tambayi bawa ƙuruciyarsa a me ya ƙarar da ita, da dukiyarsa ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Amma akwai bushara. A cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa ranar nan, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, akwai saurayin da ya tashi cikin bautar Allah.

Saboda haka ga abin yi:

1. Zauna daren yau ka lissafa masu binka bashi, da waɗanda ka cuta.
2. Abin da za ka iya mayarwa, mayar tun yanzu. In mai shi ya rasu, kai wa magadansa.
3. Wanda ka ci mutuncinsa, je ka nemi gafararsa. Kunyar duniya ta fi ta Lahira sauƙi.
4. Duk bashin da za ka ci nan gaba, a rubuta shi da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka.

Allah Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, Ya ba mu littafinmu a hannun dama, Ya sa mu cika da imani. Amin.