Ciwon Baya: Doguwar Kwanciya Ba Magani Ba Ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020. Da yawa suna tsammani hutu ne maganinsa, alhali kuwa doguwar kwanciya takan sa jiki ya sanƙare, ciwon ya daɗe.

Ga motsin da ya dace. A kwanta rigingine bisa tabarma, a tanƙwasa gwiwoyi. Sa'an nan a karkatar da su dama da hagu sannu a hankali, kamar sau goma, ana lura da inda ƙugu yake cijewa. Kada a tilasta wa jiki. In zafi ya ƙaru, a dakata. Amma wanda ƙafarsa ta soma mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, lalle ne ya garzaya asibiti nan da nan.