Wa Ya Cancanci Diyya Idan Ba a San Mai Kisa Ba?

Darasinmu na wannan mako a kan mutumin da aka tsinci gawarsa ne, ba a san wanda ya kashe shi ba. Shin iyalinsa sun tashi a tutar babu ke nan?

Asalin mas'alar yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. An sami Abdullahi ɗan Sahlu a kashe a Haibara. Danginsa, har da ɗan'uwansa Abdurrahman, suka kai ƙara. Aka nemi su yi rantsuwa 50, suka ƙi, domin ba su ga kisan da idonsu ba. Sai Manzon Allah (SAW) ya biya diyyar da kansa, raƙuma 100. Daga nan waɗansu malamai suka ɗauko cewa Baitulmali ke biya idan an rasa wanda za a kama.

To, wa zai karɓa? Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake rabon dukiyar mamaci, kuma matar aure tana da kasonta. Sayyidina Umar da farko bai ga haka ba, sai da Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Annabi ya umarce shi ya ba matar Ashyamu gado daga diyyar mijinta. A lura da wannan, don har yau akwai dangin miji masu mance gwauruwa ranar rabo. Amma wanda ya yi kisan, a mazhabarmu ba ya cin komai daga diyyar, ko da kuskure ne.

Gwamnatocin zamani ma sun zo kan wannan hanya. Ingila ta kafa nata tsarin a 1964, ana biya daga baitulmalin ƙasa ko ba a kama mai laifin ba. Sai dai da sharuɗɗa: a sanar da 'yan sanda da gaggawa, a ba su haɗin kai, a nemi biyan cikin shekara 2. Wanda ya tsokano faɗan ana iya rage masa ko a hana shi. In kisa ne, miji ko mata, iyaye da 'ya'ya ke nema, ɗan'uwa ba ya ciki. A shari'a kuwa ɗan'uwa shaƙiƙi yana iya samun rabo idan mamacin bai bar uba ko ɗa namiji ba.

Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa.