Shawarwari ga mai son yi wa doki rumfa

A gidaje da yawa doki na kwana a turke, ƙarƙashin darbejiya ko a gindin katanga, ba a tuna da shi sai Hawan Sallah ya matso. Inuwar bishiya kuwa tana kaucewa da tafiyar rana, kuma ba ta tare ruwan Agusta. Ba dole sai barga irin ta fada ba. Rumfa mai sauƙi ta wadatar, muddin an yi ta bisa tsari.

1. Fara da duba ƙasa kafin ka sayi ko azara ɗaya. Ka tsaya a wurin bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka guje shi. Tudu ake nema. In filin shimfiɗaɗɗe ne, a zuba marmara ko jar ƙasa a ɗaga shi kamar taƙi guda, a daɓe, a ɗan karkatar da shi domin fitsari ya gangara waje. Dokin da ke wuni cikin caɓi da kashinsa, cikin kofatonsa ne ke fara ruɓewa. In ka ɗaga ƙafar za ka ga baƙin ruwa mai wari a tsagar tsakiya. Daga nan sai ɗingishi. A ganina gyaran ƙasa ya fi rufi muhimmanci, amma shi ne abin da aka fi yi wa sakaci.

2. Lura da inda ƙofa za ta fuskanta. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa da iskarsa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa a gidajen ƙasa. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take kwararowa, ranar la'asar tana dukan yamma. Saboda haka a toshe gabas da arewa, a sa zana a yamma, a bar kudu a buɗe.

3. Faɗi: doki ɗaya na bukatar kamar ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, rufin kuma kada ya gaza ƙafa 9. Doki na iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, don haka ya samu inda zai miƙe ya tashi ba tare da ya bugi gini ba. Goɗiya mai ciki a ƙara mata fili.

4. Jinka ko kwano? Jinka ta fi sanyi nesa ba kusa ba, sai dai tana son gyara akai-akai, kuma a nisanta ta da murhu. Kwano ya fi ƙarko, amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ƙarƙashinsa tanderu ne. Wanda ya zaɓi kwano ya ɗaga shi sosai, ya shimfiɗa zana ko kara ta ƙasansa, ya bar tazara tsakanin bango da rufi don iska ta ratsa. A ɗaure shi da kyau, kwanon da iska ta yaye yana iya yanka dabba.

5. Azarar giginya ta fi jure wa gara. Ka bi ko'ina da tafin hannu, duk ƙusa ko waya da ta leƙo a cire ta. Doki na saurin kamuwa da cutar sarƙewar haƙora ta ƙaramin rauni, musamman in ƙusa ta soke shi a kofato.

6. Kada a zuba masa dusa da harawa a kan yashi. Yana haɗiyar ƙasa tare da abinci, ta taru a hanjinsa ta jawo ciwon ciki, doki kuwa ba ya amai. A sa komi, ko rabin durom da aka goge bakinsa. Ruwa ya kasance a inuwa koyaushe, domin doki na shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara ma ya fi haka. Harawar ajiya a ɗora ta bisa rumbu inda laima ba ta kaiwa. Wadda ta yi fumfuna a zubar, komai tsadarta.

7. A kwashe kashi safe da yamma, a kai jujin nesa da rumfa, manoma ma za su saya don taki. Da damina ƙananan ƙwari masu cizo na fitowa daga magariba zuwa asuba, su ne ke yaɗa annobar dawaki mai kisa cikin 'yan kwanaki. Kada a kafa rumfa kusa da kududdufi ko kwata, a shigar da doki kafin rana ta faɗi, a kuma tuntuɓi likitan dabbobi game da rigakafi tun kafin ruwa ya sauka.

8. Ingarma biyu ba sa zama ƙarƙashin rufi ɗaya sai da shinge mai ƙarfi a tsakani, kowanne da kominsa da turkensa.