TANTANCE MASU RAUNI A ƘOFAR ASIBITI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A daren Talata, 15 ga Oktoba 2024, wata motar fetur ta faɗi a Majiya, bisa hanyar Kano zuwa Haɗeja. Jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Waɗanda suka ƙone aka yi ta kwasarsu zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. A dare irin wannan majiyyata sun fi ma'aikata yawa, tilas ne a zaɓi wanda za a fara dubawa.

Wannan zaɓi shi ake kira tantancewa. Asalinsa daga fagen fama ne, inda Larrey, likitan rundunar Napoliyon na Faransa, ya riƙa fara aiki da wanda rauninsa ya fi tsanani, ko hafsa ne ko ƙaramin soja. Yanzu akan raba masu rauni da launi: ja ga wanda ransa ke cikin haɗari nan take, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa.

Kuskure a nan iri biyu ne. Akwai a ɗauki ƙaramin rauni babba, a ɓata lokacin likita. Akwai kuma a raina babban rauni, wannan shi ke kisa. Ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta haƙura da kuskure na farko har 35 cikin 100, amma na biyu ta ce kada ya kai 5.

Lalle a lura, mai kururuwa ba kullum shi ya fi jin jiki ba. Wanda ke ihu dai numfashinsa na fita. Abin tsoro shi ne wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, ko ya rikice ba ya gane mutane, domin watakila jini na zuba a cikinsa. Ƙuna mai zurfi takan kashe jijiyar jin zafi, mutum ya ce ba kome, alhali shi ne a gaba. Haka wanda muryarsa ta dishe, gashin hancinsa ya babbake: maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe bayan ɗan lokaci.

Ga mai alamar ja, asibiti kan tara ma'aikata gaba ɗaya, watau likita, da mai sa barci, da nas-nas, da mai kula da jini. Taruwarsu na cin lokaci, balle da tsakar dare. A nan aikin hakimi da malaminsa yake: kafin mota ta tashi a buga waya asibiti, a faɗi abin da ya auku, da ƙarfe nawa, da yawan mutane, da nawa ne ba su cikin hayyacinsu. Da damina, sa'ad da Kogin Haɗeja ya yanke hanyoyin Auyo ko Guri, a faɗi kuma ta inda za a biyo.

Saura abu guda mai nauyin faɗi. Akan sami babban mutum ya tsaya a ƙofar asibiti yana neman a fara duba ɗan'uwansa. Ma'aikaci zai ji kunyarsa, sa'an nan wani ya mutu a bayan layi. Ana roƙon hakimai su janye taron 'yan'uwa daga ƙofa, su sa malami ya rubuta sunayen majiyyata da garuruwansu, su kuma nemo samari masu ba da jini.