Wasannin Kaifafa Ƙwaƙwalwa da Koyon Harshe ga Yaran Abuja

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Garki ko Kubwa ko Gwagwalada yana jin Turanci a makaranta, Buroka a titi, Hausa kuwa sai a gida ko kasuwa. Saboda haka kalmomin Hausarsa kan yi ƙaranci. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan yadda wasannin tuna abu za su taimaka masa.

Ra'ayin Masana

A shekarar 1974 Baddeley da Hitch suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyar wucin gadi, inda take riƙe sauti na ɗan lokaci. A 1989 Gathercole da Baddeley suka gano cewa yaran da suka fi iya maimaita baƙuwar kalma sun fi tara kalmomi. Ke nan, sai yaro ya riƙe sautin kalma kafin ta zauna masa.

Ire-iren Wasannin

1. Wasan kasuwa: Yaro ya ce, "Na je kasuwar Wuse na sayo albasa." Na biyu ya maimaita, ya ƙara da tattasai. Haka za a yi ta zagayawa, wanda ya manta ya fita.

2. Wasan faifai: A jera abubuwa bakwai a faifai, kamar ludayi da allura da goro. A rufe, a ɗauke ɗaya, yara su faɗi abin da ya ɓace.

3. Wasan kati: A kife katuna, yaro ya riƙa buɗe biyu-biyu yana neman tilo da jam'insa, wato akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu. Haka kuma ana iya gwama baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, domin ya saba da haruffa masu lanƙwasa.

4. Tatsuniya: A ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, kashegari yaro ya maido shi bi da bi.

Kammalawa

Sai dai a lura, nazarin Melby-Lervåg da Hulme na 2013 ya nuna cewa horar da ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya ƙara wa yaro basira a sauran darussa. Ribar tana cikin kalmomin da ya ji, ya furta, ya maimaita. Don haka wajibi ne ɗalibin Hausa da zai fita koyarwar gwaji ya zaɓi kalmomin wasa daga darasin mako, ya kuma riƙa sauya su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.