Yadda sabon mahayi zai zaɓi babur ɗinsa na farko

Da kuɗin rake ko na tumatir sun shigo hannu, sai ka ji saurayi yana cewa shi fa ba zai hau Boxer ba, na 'yan acaɓa ne. Babur ɗin tsere yake so, irin wanda ke keta Tashar Yari a kan titin Zariya zuwa Kano, kafin ka waiga sai dai ƙararsa. Sha'awa ba laifi ba ce. Amma in yanzu za ka fara koyo, wannan babur ba naka ba ne tukuna.

Da farko ka san abin da za ka ɗora kanka a kai. Injin Bajaj Boxer cc 100 ne, ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Babur ɗin tsere irin Yamaha R6 kuwa cc 600 ne, ya haura doki 100, nauyinsa kuma ya doshi kilo 190. In ka murɗa totur fiye da kima a kan Boxer, zai yi gurnani ya ɗan zabura, ka saki ka daidaita. A kan R6, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya ɗaga tayar gaba ya maka ka da katangar wani. Birkinsa ma haka yake: yatsu biyu sun isa su tsayar da shi cak, shi kuwa sabon hannu in ya firgita da duk ƙarfinsa yake damƙa, taya ta kafe, sai ƙasa. Shi ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai ake hawa lasisi mataki-mataki. Akwai na cc 125, akwai na matsakaicin babur, babban kuwa sai mutum ya kai shekara 24 ko ya yi shekara biyu a kan matsakaicin.

Na biyu, zauna ka lissafa hanyoyin da kake bi a mako. Kwalta nawa, burji nawa? Wanda ke fita daga Hunkuyi ko Ikara zuwa gona ya san da damina taɓo ne, da rani yashi. Babur ɗin tsere don kwalta mai laushi aka ƙera shi. Cikinsa kusa yake da ƙasa, tayoyinsa ba su da haƙoran kama laka, robobin jikinsa kuma faɗuwa ɗaya ke farfasa su. Zamansa na ruf-da-ciki ne, nauyinka duk a wuyan hannu, kansa kuma ba ya juyawa sosai, don haka ranar kasuwar Makarfi, tsakanin amalanke da a-kori-kura mai lodin rake, gumi kawai za ka sha. Buhun taki ba shi da wurin zama a bayansa. Uwargida ma, in ta ga 'yar kujerar nan, ba na jin za ta yarda.

Na uku, je wajen bakanike kafin ka je wajen dillali. Tambaye shi wane babur yake iya kwancewa ya mayar. Kayan gyaran Boxer, TVS, Jincheng da Haojue ba sa wuyar samu a garuruwan nan, na babur ɗin tsere kuwa sai an aika Kaduna ko Kano, wani lokaci har Legas. Ka tuna da mai: tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowace lita lissafi ce, kuma injin tsere ba ya jure gurɓataccen man bumburutu.

Na huɗu shi ne sayen. Nemi tsakanin cc 100 da 150. Hau ka zauna. In tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, sauka ka duba wani. In na hannu ne, tafi da bakaniken nan da sassafe, a tayar da injin yana sanyi, don a lokacin ne hayaƙi da ƙarar ciki ke tona asiri. A gwada lambar inji da ta ƙarfen jiki da abin da ke kan rasit. In ɗan Kwatano ne a nuna takardar kwastam. A yi ciniki gaban shaidu a rubuta, saboda babur ɗin sata kan zo da araha.

Na biyar, koyo, kuma nan ne a bi a hankali. Sami fili, na ƙwallo ko na Idi, da wanda ya iya kuma ba mai faɗa ba. Fara da sakin kuloci sannu-sannu har ka gane daidai inda babur ke fara motsi, ka maimaita har inji ya daina mutuwa a hannunka. Sai ka ajiye duwatsu biyu ka riƙa zagaya su kamar kana zana lamba 8, a giya ɗaya, idonka a inda kake son zuwa, don babur ido yake bi. In ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Daga nan birki: na hannu da na ƙafa tare, a matsa a hankali sannan a ƙara, kada kuma a damƙi na gaba a cikin yashi ko a kwana. Goyo ya jira sai hannunka ya faɗa.

Kafin ka hau titi, sayi hular kwano mai maɗauri, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta tun Janairun 2009, ka yi lamba da lasisi rukunin A. Ajiye silifas, sa takalmi rufaffe. In da babbar riga za ka fita, tattare ta ka zauna a kai, don sarƙa da sifok ba sa barin leɓen riga.

In ka ci damina ɗaya da rani ɗaya lafiya, sha'awar kuma tana nan, matsa zuwa cc 200 ko 250 mai zaman miƙe. Kafin ka biya, tambayi farashin tayarsa ta baya da inda ake samunta.